TITI NA WANE NE?

Akwai wata gardama da ta daɗe ana yi a manyan biranen duniya tsakanin mahaya kekuna da masu motoci. Mahaya kekuna suna neman a yanka musu wani yanki na titi, a kange shi, ya zama nasu su kaɗai. Masu motoci kuwa suna cewa titin da ma bai ishe su ba, in aka rage shi cunkoso zai ƙaru. Wanda ya ji maganar sama-sama sai ya ɗauka aikin injiniyoyi ne da masu auna hanya. Amma in mai karatu ya natsu zai ga tambaya ce ta adalci, watau idan abu ɗaya ne na jama'a duka, kuma ba zai ishi kowa yadda yake so ba, to da wane ma'auni za a raba shi?

Bari mu fara da ƙasar Holan, domin a can ne aka fi gwabza wannan gardama. Mutane da yawa suna zaton tun fil azal titunan Holan na masu keke ne. Ba haka abin yake ba. Bayan yaƙin duniya na biyu arziki ya bunƙasa, motoci suka yawaita, aka yi ta faɗaɗa tituna, har da rushe gidaje don a ba mota wuri. A shekarar 1971 mutane wajen 3,300 suka mutu a kan titunan ƙasar, fiye da 400 daga cikinsu yara ne. Wani ɗan jarida mai suna Vic Langenhoff, wanda mota ta kashe ƙaramar 'yarsa tana kan keke, ya rubuta wani sharhi mai zafi a jarida a 1972. Daga kan wannan sharhi ne aka samo sunan ƙungiyar Stop de Kindermoord, ma'anarsa a daina kisan yara. Iyaye suka riƙa tare tituna, mahaya kekuna suka riƙa kwanciya a kan kwalta kamar gawawwaki. Ana cikin haka sai ga matsalar man fetur ta 1973, har gwamnati ta hana tuƙa mota a ranakun Lahadi na wasu makonni, mutane suka ga yadda gari yake in babu mota. A 1975 aka kafa ƙungiyar mahaya kekuna ta ƙasa. Sannu a hankali aka shiga gina hanyoyin keke da rage gudu a unguwanni. A 'yan shekarun nan mutanen da ke mutuwa a titunan Holan kowace shekara ba su kai rubu'in na 1971 ba, alhali kuwa jama'a da motoci duk sun ƙaru. Ba hanyar keke kaɗai ta jawo wannan ba, akwai bel ɗin kujera da dokar hana tuƙi cikin maye da ingancin motoci, amma tana cikin dalilan.

To, wannan tarihi ke nan. Sai dai cin nasara ba ya nuna gaskiya na wurin wanda ya ci. Don haka ya kamata mu saurari hujjojin masu mota ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce yawa. Sukan ce a tsaya a bakin titi a ƙirga, za a ga motoci ɗari kafin a ga keke biyar, saboda haka zalunci ne a ƙwace wa masu rinjaye wuri a ba 'yan tsiraru. Wannan magana tana da daɗin ji, amma akwai rami a cikinta. Alal misali, a ce akwai rijiya a bayan gari, kura tana kwana a hanyarta. In ka ƙirga masu zuwa ɗibar ruwa ka ga mutum uku ne kawai, ba za ka ce garin ba ya jin ƙishirwa ba. Ka ƙirga masu ƙarfin hali ne kurum. Haka titin da babu kariya: tsoho da yaro da mace mai goyo duk sun riga sun janye tun kafin a fara ƙirgar. Birnin Sebiya na ƙasar Sifen ya gwada abin. Daga 2006 ya gina hanyoyin keke masu shinge kimanin kilomita 80 a haɗe da juna, kuma cikin 'yan shekaru masu hawa keke suka ninka sau da yawa. Ashe ke nan mutanen suna nan, tsoro ne ya ɓoye su. Bugu da ƙari, in yawan ake so, keke ya fi mota cin moriyar wuri. Filin da mota ɗaya za ta tsaya zai ɗauki keke wajen goma, kuma sau da yawa motar mutum ɗaya ne tal a cikinta.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi. Mai mota yakan ce shi ke biyan kuɗin lamba da lasin da harajin mai, mai keke kuwa ko kwabo ba ya biya. Amsar farko ita ce a yawancin ƙasashe titunan cikin gari da kuɗin baitulmali ake gina su, wanda kowa yake zubawa a ciki, har da wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Kana kuma nauyi ne ke farfasa kwalta, kuma abin da keke yake yi mata bai taka kara ya karya ba. Amma ko da a ce mai mota ne ya fi biya, shin kuɗi yana sayen haƙƙin jefa ran wani cikin haɗari? In muka yarda da haka, to mun yarda attajiri ya fi talaka haƙƙin isa gida lafiya. Ban ga wanda zai tsaya a gaban jama'a ya faɗi wannan da bakinsa ba.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Idan aka yanka titi, lalle akwai waɗanda za su yi asara ta gaske. Akwai mai kanti da ke buƙatar wurin sauke kaya, akwai direban tasi, akwai gurgu da tsohuwa waɗanda dole a kai su har ƙofa, akwai leburan da gidansa ke da nisan da keke ba zai iya ba. Waɗannan ba azzalumai ba ne. A kan irin wannan ne aka yi ta ja-in-ja a birnin Toronto na ƙasar Kanada. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatin lardin Ontariyo ta kafa doka don cire hanyoyin keke daga manyan tituna uku na birnin, tana cewa su ke haddasa cunkoso. Mahaya kekuna suka kai ƙara, kuma a watan Yuli na 2025 alƙali ya yanke hukunci cewa cire su zai saɓa wa haƙƙin rayuwa da lafiyar jiki da tsarin mulkin ƙasar ya tanada. Gwamnatin ta ce ba ta yarda ba, za ta ɗaukaka ƙara.

A nan ne gardamar ta kai ga ƙashinta. A gefe guda ga mintoci kaɗan na dubban mutane kullum, a ɗaya gefen ga rayukan mutane ƙalilan a shekara. Wani zai ce ai rai ya fi komai, magana ta ƙare. Amma in da haka ne ɗungurungum, da sai a hana mota baki ɗaya, kuma babu mai hankalin da ke neman haka, tun da motar ce ke kai majiyyaci asibiti, ita ke kawo hatsi kasuwa. Dole dai a yarda da wani gwargwado na haɗari. Abin tambaya shi ne, wa zai ɗauki nauyinsa?

A ganina ma'aunin da ya fi kusa da adalci shi ne wannan: wanda ya kawo haɗarin, shi ya fi cancanta ya ɗauki wahalar rage shi. Mota takan wuce kilo 1,000, keke kuwa bai fi kilo 15 ko 20 ba. Masana kimiyya sun nuna cewa in gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugu ninkawa huɗu yake yi, watau motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana bugu da ƙarfi ninki huɗu na mai gudun 30. In mai keke ya yi kuskure, jikinsa ne zai biya. In mai mota ya yi kuskure, har wa yau jikin mai keken ne zai biya. Tun da kuwa ɗan Adam ba ya rabuwa da kuskure, gargaɗi da wa'azin a yi hattara ba su isa ba. Shingen kankare ba ya gyangyaɗi, ba ya duba waya. Saboda haka idan mai mota ya yi asarar minti biyar don a kafa wannan shinge, ba a zalunce shi ba, an dai ɗora masa wani ɓangare ne na kuɗin haɗarin da a da waɗansu ke biya masa da jininsu.

Sai dai Hausawa kan ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Ma'aunin nan da ya ba mai keke gaskiya a gaban mai mota, shi ne kuma ya ɗaure shi a gaban mai tafiya a ƙasa. Mahayin da ke keta danja, ko ya kutsa cikin mutane a gefen hanya yana kaɗa ƙararrawa, ya yi wa makaho da yaro abin da yake kukan ana yi masa. Ingila ta shigar da wannan cikin ƙa'idojin hanyarta a 2022, inda aka jera masu amfani da titi hawa-hawa, wanda ya fi iya cutarwa shi ya fi ɗaukar alhaki. Haka kuma wajibi ne masu fafutukar su tanadar wa mai kanti wurin sauke kaya da gurgu wurin sauka, kuma kada hanyar keken ta tsaya a unguwar masu hali, ta bar leburan da keken ne kaɗai abin hawansa.

Mu ma nan maganar ba ta bar mu ba. A 2001 ministan sufuri na Nijeriya, Ojo Maduekwe, ya yi kira ga jama'a su koma hawa keke, shi da kansa ya hau, har wata bas ta ture shi cikin kwata a Abuja. Mutane suka yi ta dariya. Amma abin da labarin ya nuna shi ne an kira mutane zuwa titin da ba a yi musu wuri a cikinsa ba. In minista bai tsira ba, ina ga ɗan makaranta da mai tallan burodi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen in an gwada da yawan jama'arta.

Daga ƙarshe, ina ganin titi gado ne na gari duka, kamar rijiya da kasuwa, kuma ba a raba irin wannan gado da ƙarfin inji ko nauyin aljihu. Da yawa daga cikinmu da ke karatu yau burinmu mu gama mu sayi mota, wasunmu kuma su ne za su zauna a ofisoshin da ake zana tituna. Ran da muka kama sitiyarin ko alƙalamin, ya kamata kowannenmu ya tambayi kansa: in da ban san ko ni ne zan kasance cikin motar ba ko kuwa ƙanena ne a kan keken, yaya zan so a raba titin nan? Amsar da mutum ya ba kansa tsakani da gaskiya, ita ce ya kamata ya zana.