Haƙuri Bayan Ganganci

A watan Nuwamba na 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka Kano daga Masar, kowane da inji guda da kujera biyu. Matuƙan irin waɗannan ƙananan jirage sun san injin zai iya mutuwa a kowane lokaci, saboda haka suna tafe suna duban ƙasa, suna zaɓen wurin sauka tun kafin buƙata ta taso. In da a kanmu ne, mai hankali zai kauce wa duwatsun Kazaure da Roni, ya karkata wajen shimfiɗaɗɗun gonakin Ɓaɓura. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse. Muddin matuƙi ya sunkuyar da hancinsa don kada gudu ya ƙare, zai yi ta lilo a iska har ya iso ƙasa.

To, ga wani matuƙi Baturen Ingila, Bill Lancaster. A watan Afrilu na 1933 ya taso da ɗan jirginsa, yana neman ya fi kowa saurin isa Afirka ta Kudu. Ko da ya sauka Reggane, cikin hamadar Aljeriya, barci ya ci ƙarfinsa, ga shi ya makara. Aka ba shi shawara ya huta, ya ƙi. Ya tashi da almuru ya nufi Gao, can cikin duhu inji ya ɗauke, jirgi ya kife, ya ji rauni a ka.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana mu yanke masa hukunci cikin sauƙi. Kwana takwas ya yi a inuwar fiffike, yana auna ɗan ruwansa, bai bar jirgin ya shiga yawo cikin rairayi ba, domin ya san jirgi ya fi mutum saurin ganuwa daga sama. Kullum kuma yana rubutu a littafin jirgin, yana yi wa mahaifiyarsa da masoyiyarsa magana. Sai a 1962 sojojin Faransa suka tsinci gawarsa tare da littafin.

Tambayarmu ita ce, shin haƙurin da mutum ya nuna bayan ya jefa kansa rami yana wanke gangancin da ya kai shi? Mu malaman makaranta mun saba da wannan shari'a, duk lokacin da ɗalibin da ya yi wasa da shekara guda ya duƙufa a makon jarrabawa. Zuciya takan so mu ce ya biya. Mu dai muna ganin bai biya ba. Ganganci ya taɓa wasu, waɗanda suka fita nemansa cikin hamada da uwar da ta zauna jira, kuma jarumtar kwana takwas ba ta mayar musu da komai ba.

Amma kuma ba za mu ce haƙurin banza ne ba, don kawai mai shi ne ya jawo wa kansa. Mutumin da ya ƙi jin shawara a Reggane shi ne ya zauna yana ƙidayar kurɓin ruwa. Mu marubuta mun fi son jarumi fari tas ko mugu baƙi ƙirin, shi ya sa irin Lancaster ke wuyar samun gurbi a littattafanmu.