Lallen Kaka

A bayan ɗakin kakata, a Gangara ta wajen Agye, akwai gindin lalle guda uku. Ta dasa su a daminar 1985, bayan yunwar El Buhari, da rassan da ta ƙulla a bakin zane daga Gazawa. Har na girma ban taɓa ganin ta ɗauki tulu ta nufe su ba. Duk da haka, in sun yi fure, ƙananan fararen furannin nan sai su cika gidan da ƙamshi, musamman bayan magariba.

Ina da shekara goma sha biyu na ce ni ma ina son nawa. Ta yanko mini reshe mai kaurin yatsa. Na sa shi cikin tsohuwar tukunya marar huji, na cika ta da kashin awaki ɗanye, na ajiye a inuwar rumfa don kada rana ta taɓa shi. Safe ruwa, azahar ruwa, yamma ruwa. Har tono shi nake yi in duba ko ya yi saiwa. Kwana goma sha biyu ya yi baƙi. Da na zare shi, gindin ya ruɓe, ɓawon yana saɓulewa a hannuna. Na zauna ina kuka.

Kaka ta shinshina ƙasar tukunyar, ta ce, "Kishiyata, wannan ai kin dama masa kunu ne. Tashi."

Da ruwan farko ya sauka, ta kai ni jikin danga, inda rana ke wuni. Ta yanki sabon reshe, tsawon taƙi biyu, ta zage ganyen ƙasa, ta soka rabinsa cikin rairayi, ta danne da dunduniya. Muka kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

"Kafin ki zuba ruwa, sa yatsa cikin ƙasa. In da danshi, koma da butarki."

Abin ya yi mini wuya ƙwarai. Sau da yawa nakan tsaya da buta a hannu, yatsana da laima, zuciyata na cewa in zuba. Sai in juya. Bayan mako uku, wasu 'yan tofo kore shar suka leƙo.

Da rani ya zubar da ganye, na ruga na ce ya mutu. Ta kankare ɓawon da farce, cikin ɗanye. Ta ce saiwar tana can ƙasa tana neman abincinta. Da damina ta zagayo, muka datse kansa, ya yi rassa.

Kaka ba ta ga aurena ba. Amma ganyen wannan gindin aka shanya a inuwa, aka daka, aka tankaɗe, aka ƙunsa mini a ƙafa. Bara 'yata ta roƙe ni reshe. Na yanka mata, na ga ta nufi rumfa da tukunya, na kama bakina na ƙyale ta.