"Ba Ruwana": Maganar Da Ke Ƙafar Da Tafki

A wannan watan ina so mu ɗan jingine zancen sababbin finafinai, mu duba wata tambaya: idan mutum ya yi ɓarna da zuciya ɗaya, ba da nufin cutar kowa ba, akwai haƙƙi a wuyansa ko babu?

Bari in fara kai ka ziyara ƙasar Japan. A gindin dutsen Fuji, mai tsawon mita 3,776, akwai wani ƙauye da ake kira Oshino, wanda ya yi suna saboda tafkuna takwas da marmaro ke cikawa. Ƙanƙarar da ta narke a kan dutsen ita ce ke nutsewa cikin ƙasa, ta yi shekaru tana tacewa kafin ta ɓulɓulo garau, har kana hango ƙasan tafkin. A da, masu ziyarar ibada a nan suke tsarkake jiki kafin su hau dutsen. Gwamnatinsu ta sa wurin cikin abubuwan da doka ta kare a 1934, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta lissafa shi cikin kayan tarihin duniya tare da Fuji.

To, ka san abin da ya dami tafkunan nan? Masoyansu. 'Yan yawon buɗe ido kan jefa kwabbai a ciki wai don neman sa'a, duk da allunan da aka kafa na hani. Kwabo ɗaya ba komai ba ne, amma dubban kwabbai sukan ɓata ruwa, har sai masu nutso sun shiga sun tsince su. Babu wanda ya je can da nufin ɓarna. Kowa dai ya jefa nasa, ya ɗauki hoto, ya hau mota.

Kada ka ce abin na nesa ne. Mu a Lafani, cikin ƙaramar hukumar Illela, da tafkin Kalmalo muka buɗe ido. Tambayi dattawa su ba ka labarin kifi da lambunan da ya ciyar da mutane da su. Ruwansa daga kwarin Maggiya yake gangarowa, ta ƙasar Nijar. Daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 aka tsara noman rani a Birnin Ƙonni, da madatsun Mozage da Zango. Ga kuma farin 1973 da na 1984. Ruwan da ke isowa Kalmalo ya ragu ƙwarai, masunta da yawa suka rataye koma.

Shin manomin Ƙonni mugu ne? Ko kusa. Ɗan'uwanmu ne, harshenmu ɗaya, muna auratayya, muna haɗuwa a kasuwar Illela ranar Lahadi. Albasa yake nomawa don ya ciyar da iyalinsa. Niyyarsa fes take. Amma kyan niyyarsa bai mayar wa masuncin Kalmalo da kifinsa ba. Shi ya sa a 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai, har da na Maggiya. Ashe ƙasashen biyu sun yarda cewa na sama yana da nauyin na ƙasa a kansa.

Za ka iya cewa, ai malamai sun koya mana niyya ce tushen aiki. Gaskiya ne. Sai dai niyya tsakaninka da Ubangijinka take, shi kuwa haƙƙin maƙwabci yana nan daram. Wanda ya fasa tulun wani bisa kuskure ba a kiransa azzalumi, amma biya ya kama shi. Laifin yana farawa ne daga ranar da aka nuna maka ɓarnar, ka kaɗa kafaɗa ka ce, "Ba ruwana."

Mu dawo gida, 'yan fim da 'yan kallo. Sau nawa ake kwasar ayari a tafi bakin dam ko lambun wani talaka don ɗaukar waƙa? A faifai sai ka ga wuri kamar aljannar duniya. Bayan an naɗe kyamara kuwa, ledojin fiya wata sun cika bakin ruwa, an tattake wa mai lambu yabanya, ko sannu babu. Mai lambun nan ba zai ga sunansa a jerin godiya ba, asarar ce kawai tasa.

Don haka, mai karatu, duk ranar da ka tsaya a bakin ruwan da ba kai ka haƙa ba, tambayi kanka: wa zai sha bayana? In ka san amsar, to, da ruwanka.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.