Tunda Ana Sayar da Giya, Me Ya Hana Wiwi?

Akwai tambayar da yaranmu da suka tashi a nan Legas suke yi, kuma ta riga ta isa gida, ana jin ta a majalisun samari daga Azare har Sakwa. Suna cewa: ga giya ana sayarwa a kowace kwana, da lasisi, gwamnati na karɓar harajinta, amma yaro ya riƙe ƙullin wiwi sai NDLEA ta yi awon gaba da shi. Ina adalci a nan?

Kada mu yi saurin cewa zancen 'yan shaye-shaye ne. Tambayar tana da ƙanshin gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Amurka ta hana giya daga 1920 zuwa 1933, mutane ba su daina sha ba, 'yan fasa-ƙwauri ne suka yi kuɗi. Kanada ta halasta wiwi a 2018. Ko a nan gida, marigayi Gwamna Akeredolu na Ondo ya sha kiran a bari a noma ta don magani da samun kuɗin shiga.

To amma a duba da kyau. Me ya sa giya take kashe mutane haka? Ai don tana da araha ne, tana kusa, ana tallarta a allo da talabijin. Wanda ya ce a yi wa wiwi irin gatan da aka yi wa giya, ya manta cewa gatan nan ne ya haifar da miliyoyin gawarwakin da yake kafa hujja da su. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu kuma ba sai mun je Kanada neman darasi ba. Kodin da tiramadol ba a daji ake noma su ba, magunguna ne masu rajista, a kemis ake sayar da su. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan 3 na kodin kullum a Kano da Jigawa, ƙasar Katagum kuwa katanga ɗaya take da Jigawa. Sai a watan Mayu 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tarin mai kodin da shigo da shi. Binciken ƙasa na wannan shekarar ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwayoyi, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. Wato abin ya shiga har ɗakunan matan aure, kuma ta ƙofar kanti ya shiga.

A addini ba sunan abu ake dubawa ba, abin da yake yi wa hankali ake dubawa. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya bambanta abin da ke sa maye da nishaɗi kamar giya da abin da ke gurɓata hankali kawai, ya sa wiwi a kashi na biyu, ya ce hukuncinta ta'aziri ne. Ibnu Taimiyya ya ce ita da giya ɗaya ne har a haddi. Sun saɓa a kan horo, ba su saɓa a kan cewa gusar da hankali da ita haramun ne ba. Jihar Bauchi ma, tun da ta ƙaddamar da shari'a a 2001, ba ta ware giya ta yi mata gata ba.

Inda yaran suke da gaskiya shi ne yadda muke yi wa wanda ya riga ya kamu. Dillali daban, majinyaci daban. Fotugal a 2001 ba ta halasta sayarwa ba, sai dai wanda aka kama da ɗan abin da zai sha ana kai shi gaban kwamiti a nema masa magani, maimakon gidan yari. Mu fa? Ko mu ɓoye shi don kunya, ko mu kai shi a sa masa mari, kamar mutum fiye da 300 da 'yan sanda suka fito da su daga wani gida a Rigasa, Kaduna, a 2019. Alhali akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Maiduguri da Kaduna da Kware. Ita kanta giya, a mataki-mataki Alƙur'ani ya raba sahabbai da ita, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida.

Saura mu 'yan kasuwa. Alhaji, katan ɗin da aka ce ka saka a motarka zuwa Azare, ka san abin da ke ciki? Kemis ɗin da ka buɗe wa ƙaninka a Sakwa, ka taɓa tambayar me ya fi kawo ciniki da dare? Doka ba za ta iya bin kowace mota ba, amma mai mota ya san lodinsa. Ribar da aka ci da hankalin ɗan wani, wata rana ɗanka ne zai zo gaban kantar.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsarkake mana nemanmu. Juma'a mai albarka.