Bashin da Ba a Rubuta Shi a Fasfo

'Yan'uwa, duk shekarar da aka yaye ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, zancen tafiya karatu ƙasar waje yakan cika gidajenmu na Samaru da Sabon Gari. Ana maganar fasfo da biza, da jarrabawar Turanci, da takardar banki, har da rigar sanyi da za a nema a gwanjo. Duk wannan shiri ne, ba mu kuwa raina shi ba. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, gama tana da nauyi a baki: shin akwai mai bin wannan matafiyi bashi? In akwai, wane ne, da me kuma za a biya shi?

Bari mu fara da takardar banki. Ofishin jakadanci yakan so ya ga ɗalibi yana da abin riƙe kansa. Sai a ari kuɗi wurin wani ɗan kasuwa, a zuba a asusu na 'yan makonni, a buga takarda, sa'an nan a mayar wa mai kuɗi da abinsa da ɗan la'ada a kai. Waɗansu suna kiran wannan dabara. Mu dai ba mu sami sunan da ya dace da shi ba sai ƙarya, wanda kuma za ta fara cuta shi ne yaron kansa. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Iyalan da suka tara kuɗinsu da guminsu ma sun wayi gari abin da suka tanada bai kai rabin kuɗin makaranta ba, har aka ji labarin ɗalibanmu a Ingila da aka dakatar da su saboda bashi. To, ina ga wanda ya tafi da asusun aro?

Batun dawowa ya fi wannan wuya. Dattawanmu sukan ambaci Dokta Barau Dikko, ɗan Wusasa, wanda ya karanta aikin likita a Jami'ar Birmingham, ya dawo ya zama likita na farko daga Arewa. Da sunansa ake kiran wani asibitin koyarwa a Kaduna. Sukan ambaci Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi karatun likita a Ingila, ya dawo ya shugabanci jami'ar nan ta Samaru daga 1966 zuwa 1975, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta tun kafa ta a 1962. Lalle sun cancanci yabo. Sai dai a tuna cewa sun dawo ƙasar da ke jiransu da aiki a hannu. Yaron da ya zauna gida wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, saboda yajin aikin malaman jami'a, ba adalci ba ne a doke shi da sunayen waɗannan manya kamar bulala.

Duk da haka bashin yana nan. Abin da ɗalibi ya biya a jami'ar gwamnati kaɗan ne daga abin da aka kashe a kansa. Sauran daga baitulmali ya fito, baitulmali kuwa na manomin Bomo ne, da mai sayar da tumatir a kasuwar Sabon Gari, mutanen da watakila 'ya'yansu ba za su taɓa zama a ajin jami'a ba, su ne kuma ke bin layi tun asuba a asibitin Shika suna jiran likita. A 2023 Majalisar Wakilai ta tattauna wani ƙuduri na hana sabbin likitoci cikakken lasisi sai sun yi aikin shekara 5 a gida. Ba mu ga hikimar hakan ba, domin likitan da aka ɗaure da igiya jikinsa ne kaɗai ke cikin ɗakin marasa lafiya. Wanda ya sa hannu a yarjejeniyar tallafin karatu cewa zai dawo, nasa al'amarin dabam ne: ya yi alkawari da bakinsa, in ya ɓuya a can ya ci amana, kuma ya rufe ƙofa ga na bayansa.

Wani zai ce, ai zan aiko da kuɗi. Gaskiya ne, kuɗin zai gyara rufin gida, ya biya wa ƙanne makaranta. Wannan ya biya iyali. Bai kai ga manomin Bomo ba. Wanda zama ya kama shi a can, amma yakan zo ya koyar na wata guda, ko ya duba aikin ɗalibai daga nesa, mun yarda ya rage wani abu, ko da bai biya duka ba.

Saboda haka muna roƙon iyaye da 'ya'ya su zauna tun ba a sayi tikiti ba. Filin da aka sayar a Hayin Dogo, kyauta ne ko rance? A faɗa a fili, a gaban sauran 'ya'ya masu haƙƙi a cikinsa. Mai aure ya sani cewa tun Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, don haka matarsa tana da ta cewa. Mai tafiya ya faɗi niyyarsa, ko ta dawowa ce ko ta zama, kada ya bar uwa tana ƙirga shekaru a kan abin da ya riga ya yanke a zuciyarsa. Ƙanwar nan kuma da aka ce ta dakata da nata karatun har yaya ya gama, a kira ta cikin ɗaki a ji ta bakinta.