SHIN YIN SHIRU MA ƘARYA NE?

Ɗan'uwa mai karatu, watakila ka yi mamakin ganin ɗalibin Hausa ya tsoma baki cikin sha'anin masu binciken aikin gona. To, ba shisshigi ba ne. Wani abu ne na gani da idona a hutun damina, ya tsaya mini a rai, na ga ya kamata in kawo shi gaban malamaina da 'yan'uwana ɗalibai mu duba tare.

Akwai wani ɗan garinmu, ina ce masa Yaya, yana karatun digiri na biyu a fannin noma. Ya ɗauke ni in riƙa taya shi hira da manoma ina rubuta abin da suka faɗa. Aikinsa shi ne gwada wani sabon irin wake a gonakin mutum shida, a ga ko ya fi na gargajiya yabanya. A gona huɗu waken ya yi kyau ƙwarai. Ta biyar awaki suka faɗa mata, don shinge ya faɗi. Ta shida kuwa, ta wani dattijo, wuta-wuta ta tashi ta shanye waken sarai, alhali ɗan wakensa na gida da ya shuka a gefe ya ba da abin da ya ba da. Tun ranar shuka dattijon nan ya ce, "Ɗana, wannan wurin yana da wuta-wuta, ban sani ba ko baƙon naka zai jure." Ni na rubuta maganar da hannuna.

Da kaka ta yi, Yaya ya zauna shirya takardar da zai aika wa mujallar masana. Ga wanda bai san yadda abin yake ba, irin wannan takarda tana da tsari wanda ba a tsallakewa. Akwai taƙaitaccen bayani a sama, sa'an nan gabatarwa, sa'an nan a faɗi hanyar da aka bi filla-filla, har yawan taki da tazarar shuka, don wani ya iya maimaita gwajin. Daga nan sai sakamako da alƙalumansa, sai sharhi a kansu. In an aika, edita ya miƙa wa masana biyu ko uku waɗanda galibi marubuci bai san ko su wane ne ba, su tantance. Bayan watanni a dawo da ita, ko a ce an karɓa, ko a gyara, ko a ƙi. Da na leƙa daftarin Yaya, sai na ga gona huɗu kawai. Biyu sun ɓace, ko ambatonsu babu.

Na ce, "Yaya, ina gonar Baba?" Ya ce, "Ƙanena, duba da kyau. Akwai lamba ɗaya a nan da na ƙirƙira? Duk abin da na rubuta na auna shi da sikeli. Ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi."

Amsar nan ba ta banza ba ce, kuma na kwana biyu ina juya ta. Gaskiya ne ba duk shiru ne ƙarya ba. Babu mai iya rubuta duk abin da ya faru a gona, da sai takarda ta fi gonar tsawo. Tilas mai bincike ya zaɓa. Gonar da awaki suka cinye ba ta gaya mana kome game da irin waken, don akuya ba ta tambayar sabon iri ne ko tsoho. In ya cire ta, ya faɗa a layi guda cewa ya cire da dalilinsa, babu mai ganin laifinsa. Amma gonar wuta-wuta fa? Wannan ba haɗari ba ne. Wuta-wuta tana nan cikin gonakin ƙasar Hausa, tana maƙale wa saiwar wake da ta dawa da ta gero tana tsotsewa, kuma ƙwayar irinta tana iya shekaru cikin ƙasa tana jira. Manomin da zai sayi irin nan gobe, mai yiwuwa gonarsa irin ta Baba ce. Wato ke nan gonar da aka ɓoye ita ce mai ɗauke da labarin da ya fi bukata.

Mu ɗauki mai tumatir a kasuwa. Ya jera manya jajaye a saman kwando, ruɓaɓɓu suna ƙasa. Bai buɗe baki ya ce duka masu kyau ne ba. Kowane tumatir da ka gani a sama na gaskiya ne, ba na roba ba. Amma wa zai ce bai cuce ka ba? Ashe ƙarya ba a cikin kalma kaɗai take zaune ba, tana cikin abin da ka shirya mutum ya fahimta alhali ka san ba haka yake ba. Mai sayen tumatir ma ya fi masu tantancewa gata, don shi yana iya juye kwando. Su kuwa ba su taɓa taka gonar ba. Abin da aka ba su shi za su auna. Duk tsarin nan, da editansa da masanansa, a kan amana yake tsaye.

Su kansu masu wannan ilmi sun daɗe da sanin raunin zuciyar ɗan Adam. Wani masanin lissafi, Ronald Fisher, wanda ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila cikin 1919, shi ya kafa ƙa'idar cewa a raba filin gwaji ta hanyar ƙuri'a, a kuma maimaita kowane gwaji a wurare da dama. Dalili kuwa, kada mai bincike ya ba irin da yake so wuri mai dausayi, ko da saninsa ko ba da saninsa ba. To, mene ne amfanin jefa ƙuri'a ranar shuka, in ranar rubutu za ka zauna ka tsince gonakin da suka yi maka daɗi? A 1979 kuma wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Robert Rosenthal, ya yi kashedi a kan binciken da ake jefawa aljihun tebur don bai ba da sakamako mai armashi ba, har abin da ke cikin mujallu ya zama rabin labari.

A nan dole in yi wa Yaya adalci. Ba mugu ba ne. Yana da mata da ɗa, kuma a jami'a ana ƙirga takardun da ka buga kafin a ƙara maka girma. Yana tsoron in ya sa gona ta shida, bambancin da ke tsakanin sabon iri da tsoho ya ragu har masu tantancewa su ce babu wani abin bugawa. Laifin bai tsaya kansa shi kaɗai ba, ya shafi duk mai yaba labarin nasara ya yi banza da na faɗuwa. Mu ma 'yan Hausa kada mu yi dariya. Sau nawa ɗayanmu ya je ƙauye tattara karin magana, ya dawo ya zubar da waɗanda suka saɓa wa ra'ayin da ya riga ya ɗauka? Ni kaina na taɓa yi a wani jinga, malam bai gane ba, har ya ba ni maki mai kyau.

Sai dai akwai bambanci. Karin maganar da na zubar bai hana kowa tuwo ba. Takardar noma kuwa ba a ɗakin karatu take ƙarewa ba. Daga mujalla sai rahoton hukuma, daga nan sai bakin malamin gona, sai rediyo, sai wani magidanci ya sayar da akuyarsa ya sayi iri. Shi bai iya Turancin da aka rubuta takardar da shi ba, balle ya ce an bar wani abu. Kuma ba a rasa misalin waɗanda suka rubuta abin da suka tarar ko da bai yi daidai da abin da ake so a ji ba. David Norman, wani masanin tattalin arziki da ya yi aiki a Samaru, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau tun wajen 1966. A lokacin shawarar hukuma ita ce a shuka abu ɗaya a gona ɗaya. A takardarsa ta 1974 ya nuna cewa manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona guda ya san abin da yake yi, don ya fi samun amfani a kowace eka, kuma in ɗaya ya ƙi, wani ya yi.

Na gaya wa Yaya wannan duka, ba da wata gwaninta ba, har muka ɗan yi sa-in-sa, ya ce mini ɗan Hausa me ya sani game da alƙaluma. Bayan mako guda ya aiko a karɓi littafin da na rubuta hirar manoma a ciki. Ya mai da gonar Baba cikin jadawali, ya ƙara sakin layi a kan wuta-wuta, ya kuma faɗi dalilin cire gonar awaki. Maganar dattijon ta ranar shuka ma ya fassara ya sa, ko da yake a takardar "wani manomi" aka kira shi. Ya aika tun kafin mu koma makaranta. Har yanzu da nake rubutun nan edita bai amsa ba, kuma Yaya bai daina harara ta ba in mun haɗu a masallaci.