Birus: mai rai ne ko marar rai?

Jama'a, in ka ce wa yaro ya raba maka abubuwan duniya, kashi biyu zai yi. Akuya da hatsi a nan, dutse da yashi a can. Masana ba su tsaya nan ba. A shekarar 1735 wani mutumin ƙasar Suwidin mai suna Liniyus ya fara jera dabbobi da tsirrai dangi-dangi. Jemage ma, duk da fiffikensa, an sa shi a dangin akuya, don yana haihuwa yana shayar da nono.

To, akwai wani abu da ya gagari masu rabon, sunansa birus. Shi ke kawo baƙon dauro da shan inna da haukan kare. Ƙanƙantarsa ta kai har madubin da likita ke duba jini da shi ba ya ganinsa. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya numfashi. A waje kamar ƙura yake. Amma da ya shiga jiki sai ya kama ƴan ƙwayoyin jikin, ya tilasta musu su ƙera masa irinsa dubbai. Shi ya sa kafson da ake saye a kasuwa ba ya taɓa shi. Allurar rigakafi ke tare masa hanya.

Wasu masana sun ce ba shi da rai, tun da ba ya hayayyafa sai da jikin wani. Ni wannan hujja ba ta ishe ni ba. Ƙuduji ma ba ya rayuwa sai ya manne wa saiwar hatsi, wane manomi ne zai ce masa matacce?

Ku dubi agana. Dattawanmu sun san zanen da take bari a fuska. Rigakafi ya ci ƙarfinta, a 1980 aka sanar duniya ta rabu da ita. Amma har yau akwai irinta a kulle a wuri biyu, Amurka da Rasha. Wasu sun ce a ƙone shi, kada wata rana ya kuɓuce. Wasu sun ce a bar shi don binciken magani. Wasu kuma na tambaya, shin ɗan Adam na da izinin shafe iri guda daga cikin halitta? Ni na fi jin tsoron kuɓucewar, domin yaran da aka haifa bayan 1980 ba a yi musu lambar agana ba.